Ƙirgan Luba Ya Tsaya a Ashirin

Jiya a ofishin hedimasta na ji ɗayanku yana cewa shi dai a ba shi aji ɗaya, ya samu ya huta. Ban tanka ba, don ni ma na taɓa faɗin haka, wanda na faɗa wa kuma bai tanka mini ba. Amma tunda wata mai zuwa zan ajiye alli, hedimasta kuma ya ce in miƙa muku gwangwanin nan, gara in rubuta muku abin da ke ciki, kada ku buɗe ku ce tsohon nan tarkace yake tarawa. Shekara talatin da wani abu ina koya wa yara ƙirga, biyu-biyu, biyar-biyar, goma-goma. Aikina ke nan, ban yi wani ba. A cikin shekarun nan akwai yarinya guda, Luba, wadda ta iya biyar-biyar har ɗari cikin sati biyu, daga baya abin ya ɓace mata, na shekara uku ina neman in mayar mata da shi. Da abin da ta ƙirgo a farantin talla ake cin abinci a gidansu. Zan zo kanta, amma sai kun san kayan aikin tukuna.

Gwangwanin madara ne, babba, murfinsa ya lanƙwashe, sai da bakin cokali yake buɗewa. A ƙasa akwai naira bibbiyu ta ƙarfe, irin wadda aka fito da ita mutane suka ƙi karɓa. Wani mai shago a Gummi ya ba ni su kyauta, har yana godiya na rage masa kaya. A sama kuma takardun leda ne: biyar-biyar guda ashirin, goma-goma guda goma, ashirin-ashirin guda biyar, kowane kashi ɗari cif, an ɗaure da roba. Duka kuɗin gaske ne, daga aljihuna suka fito. Kada ku ce ai sai a zana a allo. Yaron da ka zana wa naira biyar a allo kallonka kawai zai yi. Ɗora masa ita a hannu ka ga ya gyara zama. Lokacin ina Gwashi na taɓa yanka kwali na rubuta lambobi a kai, wata 'yar mitsitsiya ta juya nata gaba da baya, ta miƙo mini ta ce, “Malam, wanga bai sayen komi.” Daga ranar ban ƙara ɓata kwalina ba.

Illar irin wannan kayan aiki guda ce, ana iya cinye shi. Kafinta ba ya dafa zartonsa, amma ni na sha kai ashirin-ashirin ɗina wurin mai garin masara in albashi ya makara. Sai goma-goma su bi, sai biyar-biyar. Yara ma sun gane. In suka ga mun yi sati guda muna ta biyu-biyu da ƙarfe, sai ka ji ana raɗa a bayan aji cewa ba a biya malam ba.

Littafi ya ce a fara da biyu-biyu. Ni da biyar-biyar nake farawa, kuma duk mai duba makarantun da ya zo sai mun yi wannan gardamar. Ba abin da yaron ƙauye ya taɓa saye a naira biyu. Alawa biyar ce, ƙuli biyar, ƙosai biyar, ya ji lambar nan tun yana goye. Sai ta zauna sannan goma-goma, wanda ba ya ɗaukar kwana uku. Biyu-biyu yana zuwa ƙarshe, shi ma ta hanyar tsofaffi nake shigo da shi, don har yanzu akwai kakannin da ke lissafi da fam, fam guda naira biyu. In ka ce wa yaro kaka ta ba ka fam huɗu, nawa ke nan, ya san ba tatsuniya kake yi masa ba.

Abin da zai ruɗe ku shi ne waƙa. Cikin kwana biyar aji zai ɗauka gaba ɗaya, biyar, goma, sha biyar, har ɗari, da murya mai daɗi, ku fito kuna cewa ashe aikin ba wuya. Ba su iya komai ba. Tsayar da su, ka kira guda, ka ajiye takarda bakwai a kan benci ka ce nawa ne. Zai taɓa ta farko ya ce biyar, bakinsa ya ruga ya bar hannunsa, ya kai hamsin yatsansa yana kan ta huɗu. Aikin duka shi ne ka ɗaure baki da hannu su tafi tare, taɓawa guda, faɗa guda. Yaro ɗaya bayan ɗaya ake yi, kana durƙushe, sauran suna dambe a bayanka. Gwiwoyin nan nawa da kuke gani ina ja, a nan suka tafi.

Wurin Malam Sanda na koya, a Gummi, ina sabon fitowa daga makarantar horon malamai, ina jin ba wanda ya kai ni. Shi na ce wa a ba ni aji ɗaya in huta. Ya ba ni, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofa yana cin goro. Ranar farko na raba wa yara wake su ƙirga. Kafin a tashi, guda ya cusa ƙwaya a hanci, sai da aka kai shi wurin wanzami. Malam Sanda bai yi mini faɗa ba. Washegari ya zo da 'ya'yan tsamiya, da murafen lemo, da karan dawa da ya yayyanka. Ya ɗauki kowanne ya sa a bakinsa a gabana, ya juya, ya tofar. Murfin lemo ya ajiye gefe, ya ce yana yanka harshe.

Ya ce, “Garba, ɗan aji ɗaya da baki yaka ganin abu, ba da ido ba. Duk abin da za ka ba shi, hwara sa shi ga naka baki. In bai yanke ka ba, bai yi ɗaci ba, bai wuce maƙogwaro ba, to ba shi.”

Shekara huɗu na yi a ƙarƙashinsa, kuma wannan dokar ita na fi riƙewa. Na tafi da ita Bukkuyum, na tafi da ita Gwashi. Ba abin da na taɓa miƙa wa yaro ban ɗanɗana ba.

Daga Gwashi aka mayar da ni wani ƙauye a ƙasar Anka, ba nisa da Abare, daidai lokacin da zinari ya buɗe. Ƙauyen da na tarar ba ya barci da rana saboda ƙarar injin niƙa. Ana kawo dutse a buhu daga ramuka, a fasa, a niƙa, a wanke. Wanda ba shi da kuɗin inji sai ya kai cikin gida, mata su daka a turmi. Baƙi sun cika gari, kowa da iyalinsa, ajina da aka gina don yara arba'in ya koma ba wurin sa ƙafa. Iyaye kuma kowa da abin da yake so. Wani uba ya zo da ƙurar dutse har gira, ya zaro 'yar dubu ya ce in koya wa ɗansa da irin wannan, shi ya wuce zamanin biyar-biyar. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne ina raba wa yara kuɗi, don jikanta bai kawo nasa gida ba. Amma mafi yawa abu guda suke so, yarinya ta fita da faranti ta dawo da kuɗi cikakku.

Ƙarfen gwangwanina bai kai rabin ajin ba. Tsamiya babu a kusa, kara kuma awaki na shigowa ta taga su cinye. Ran nan ina wucewa ta wurin masu fasa dutse na ga tsakuwar da suke watsarwa gefe, ƙanana, masu nauyi, wasu suna walƙiya in rana ta doke su. Girmansu daidai da naira biyu ta ƙarfe. Na ɗauki guda na goge a riga, na sa a bakina kamar yadda aka koya mini. Bai yanke ni ba, bai yi ɗaci ba, ya fi ƙarfin haɗiya. Ban ji komai ba. Na roƙi kwano guda, suka ce in kwashi buhu ma in ina so. Na ce wa yara kowane dutse fam guda ne. Sun so su fiye da ƙarfen, don in ka buga biyu suna zubar da gari mai ƙyalli a tafin hannu. Har aikin gida na bayar da su, kowa ya tafi da goma a aljihu, ya ƙirga wa Innarsa biyu-biyu.

A wannan ajin Luba take. Shekararta bakwai, siririya, ba ta da surutu. Ita ce yarinyar da ban taɓa durƙusa wa sau biyu ba. Sati biyu ta haɗa baki da hannu har ɗari, sati na uku ta fara yi mini gyara in na tsallake da gangan. Innarta, Hajo, tana cikin kulle, ƙuli take yi, Luba ke fita da shi bayan an tashi. Uban ya tafi ramukan wani daji, aikensa sai jefi-jefi. Kullum Luba na zuwa makaranta da ƙanwarta Nana a goye, 'yar shekara biyu. Ba ita kaɗai ke zuwa da goyo ba, kuma ban taɓa hanawa ba, don in ka hana goyo ka kori yarinyar. Takan sauke Nana kusa da ƙafarta, ta ba ta duwatsu biyu ta yi wasa don kada ta yi kuka. Na sha ganin Nana tana tsotsar su. Ban hana ba, tunda na riga na ɗanɗana.

Shekarar da ta biyo ita ce mummunar shekarata a aikin nan. Kun ji labarin gubar dalma, wasunku a rediyo kuna 'yan sakandare. Mu ba da wannan sunan ta zo mana ba. Ƙananan yara ne suka fara amai, sai jijjiga, sai a wayi gari an kai su makwanci. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Ni abin da na gani daga cikin aji shi ne goyo yana raguwa. Yarinyar da ta saba zuwa da ƙani a baya sai ta yi kwana uku ba ta zo ba, ta dawo bayanta ba kowa, ta zauna a wurinta. Nana na cikin na farko-farkon da suka rasu. Bayan kwana ashirin Luba ma ta faɗi, aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti.

Da likitoci baƙi suka zo, har da Turawa a cikinsu, sun bi gida-gida da wata na'ura ta hannu, su kara ta a ƙasa ta nuna musu lamba. Suka shigo makaranta. Mai na'urar ya gwada tsakar aji, ya gwada gindin bango, sai ya ga kwanon duwatsu a kan teburina. Ya kara, ya duba, ya sake karawa, sannan ya kira ɗan'uwansa. Tafintansu ya juyo ya ce, “Malam, suna tambaya, wa ya kawo wannan cikin yara?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “Me ake yi da su?”

Na ce ƙirga. Ya fassara musu. Ba wanda ya zage ni. Suka juye kwanon a buhu suka ɗaure baki, daga baya aka zo aka kankare ƙasar ajin aka zuba sabuwa. Tafintan ya ce dalma ba ta da ɗaci, ba ta yanka, babba zai iya sa ta a baki ya tofar bai ji komai ba, yaro kuma ta taru masa a jiki ta hau kai. Na tambaya ko ƙarfen gwangwanina ma a zubar, suka ce a wanke da kyau ya isa. Tun daga lokacin kowace Alhamis nake tafasa su, takardun leda kuma in wanke da sabulu in shanya. Na kuma canja abin da ake fara faɗa da safe. Kafin biyar, kafin goma, aji duka sai ya ce sau uku: kuɗi ba ya shiga baki.

Luba ta dawo bayan wata huɗu. Ta yi ƙiba ma kaɗan, wanda bai san ta ba zai ce lafiyarta lau. Na ajiye mata takarda bakwai a benci kamar da. Ta taɓa ta farko ta ce biyar, ta biyu goma, sha biyar, ashirin. Ta ɗora yatsa a kan ta biyar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi takardar. Na ce ashirin da biyar, ta maimaita. Na ce mu sake daga farko. Ta zo wurin ta sake tsayawa. Mun yi sau goma a ranar, ko sau ɗaya ba ta ƙetare ba.

Ba a yi wata ba Hajo ta aiko in zo. Na tsaya a zaure, ita tana daga bayan ƙofa, muka gaisa.

Ta ce, “Malam, ɗiyag ga ba ta da sauran amfani ga talla. Jiya ƙuli ishirin na aza mata, na ɗari, ta komo da sittin da biyat. Shekaranjiya hamsin. Ban sani ba ko cuta tata akai, ko zubarwa takai. In na tambaye ta sai ta tsaya tana kallona. Ni ko ban hita, ita ta ƙahwata.”

Na ce, “To me kika yanke?”

Ta ce, “Ɗiyar maƙwabta ta ce Luba ta riƙa bin ta, ita ta ƙirga mata, ta ɗauki goma cikin ɗari. Amma ita da sahe taka hita. Sahe ko lokacin boko na.”

Na gane maganar. In Luba ta bi yarinyar nan ta bar makaranta ke nan, kuma har ta girma sai wani ya riƙe mata kuɗinta, ya gaya mata nawa ne. Na roƙi Hajo ta ba ni zuwa kaka. Sannan, tunda na riga na zo, na gaya mata zancen duwatsun, da yadda Nana ke tsotsar su a gabana.

Ta ce, “Malam, ga turmina nika daka dutsen nan, turmin da nika daka hatsi. Wata nawa. In za a kama wani, ni za a hwara kamawa. Bar wagga magana. Na ba ka har kaka.”

Ta yafe, amma ban ji sauƙi ba, kuma har yau ban ji ba. Ba wanda zai iya gaya mini nawa ne na turmi, nawa ne na kwanona.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Luba na nan aji ɗaya, ta fi kowa tsawo, ƙannen sa'o'inta suna zuwa su iya su wuce. Abin da ya hana Hajo cire ta shi ne kullum in an tashi nakan tsayar da ita in sayi ƙulin naira goma, in ƙirga mata abin da ke faranti kafin ta tafi, da la'asar kuma ta biyo ta gidana in duba kuɗin. In sun gaza da yawa in cika daga gwangwani. Na ci ƙuli a shekarun nan har haƙorana biyu suka tafi. Ba dabarar da ban yi ba. Na yi waƙa, na yi tafi, na zana gidaje a ƙasa tana tsallakawa, na sa ta taka matakala. Wani lokaci ta kai talatin da biyar ranar Laraba, in kwana ina murna, ranar Litinin mu koma ashirin. In aka yi hutu kuwa har sha biyar sai ta nemi guduwa. Na gaji da yarinyar nan, gaskiya ke nan. Akwai ranar da na ɗaga mata murya, ta yi fitsari a tsaye, na kwana biyu ban iya kallon ta ba.

A shekara ta uku na je kasuwar Anka sayen gero. Mai awon yana karɓar kuɗi yana hira, ba ya ko kallon hannunsa. Na lura in ya tara takarda tara sai ya naɗe su da ta goma ya jefa a aljihu, ya fara sabo. Bai taɓa ƙirga abin da ya wuce goma ba, ninki kawai yake tarawa. Na tsaya riƙe da bakin buhu har ya ce, “Malam, lahiya?” Shekara biyu da rabi ina tura yarinya ta ƙetare ashirin, ban taɓa tambayar kaina ko dole ne sai ta ƙetare ba.

Ranar Litinin na zaunar da ita. Biyar, goma, sha biyar, ashirin, sai ki naɗe ukun da ta huɗu, ki ajiye. Ki manta da shi. Ki sake daga biyar. Kowane ninki yatsa guda ne, in yatsun hannu guda sun cika, ɗari ke nan, farantin Inna ya cika. Ƙuli ma haka za ki kasa shi, huɗu-huɗu, kowane kashi yatsa guda. In an ba ki ɗari an ɗauki kashi uku, ki lanƙwashe yatsu uku, waɗanda suka rage a tsaye su ne canjin mutum. Ba rana ɗaya ta kama ba, mun kai wata uku. Amma wannan karon abin da aka ajiye Laraba ana tarar da shi Litinin, don ba a ɗora mata abin da ya fi huɗu a lokaci guda ba. Mai duba makarantu ya zo a tsakiyar haka, ya ce ta ƙirga masa biyar-biyar zuwa ɗari. Ta kai ashirin ta naɗe. Ya rubuta a takardarsa cewa ba ta iya ba, ya kuma ja mini kunne in riƙa bin manhaja. Na ce to, ranka ya daɗe.

Ran wata Talata da la'asar ta biyo ta gidana ta zube ninki biyar a tabarma. Na warware na ƙirga, ɗari cif. Washegari ma haka. Sati shida a jere ban cika ko naira biyar ba. Hajo ta aiko mini da ƙuli cikin kwano, na rasa haƙorin da zan ci da shi.

Sai 'yan bindiga suka matso. Aka fara da shanu, aka koma tare hanya, aka shiga ƙauyen da ke gaba da mu. Muka tafi hutu ba mu dawo ba, aka rufe makarantar, ni aka mayar da ni nan cikin Anka. Mutanen ƙauyen suka watse, wasu Gummi, wasu Zugu wurin dangi, daga can ma aka sake tashin su. Na yi cigiyar gidan Hajo ban samu wanda ya sani ba. Abin da na sani shi ne hutun sati uku ma yana share wa Luba kai, balle shekaru. Na sa a raina cewa aikin shekara uku ya tafi, tana can tana bin wata da faranti. Na ci gaba da tafasa ƙarfe ranar Alhamis, ina durƙusa wa 'ya'yan wasu.

Bara, wajen shekara biyar da rabuwarmu, na je tasha zan hau mota zuwa ta'aziyya. Akwai 'yan gudun hijira da yawa da ke talla a wurin yanzu. Wata doguwar budurwa tana zaune a kan dutse da faranti a cinya. Ba fuskarta na fara ganewa ba, farantin na gane. An kasa ƙulin huɗu-huɗu, da tazara tsakanin kowane kashi. Ƙulin ya ƙanƙance, amma har yanzu biyar-biyar ne. Na tsaya a kanta na yi sallama. Ta amsa, ta dube ni kamar yadda ake duban kowane mai saye. Na yi furfura, na rame, ga ba haƙora, ban ga laifinta ba.

Na ce ta ba ni kashi uku, na miƙa mata ɗari. Ta ɗaga hannun hagu, ta lanƙwashe yatsu uku, ta dubi biyun da suka rage. Ta zaro ninki daga cikin hijabi, ta warware a kan gwiwa, tana taɓa kowace takarda.

“Biyat. Goma. Sha biyat. Ishirin.”

Ta naɗe ta miƙo mini, ta lanƙwashe yatsa guda. Ta zaro na biyu. Hannuna ɗaya yana riƙe da jaka, ɗayan da ledar ƙuli, sai na yi abin da kowane namiji ke yi a tasha, na cije ninkin farko da leɓe don in karɓi na biyu. Ta dakata da ƙirgan.

Ta ce, “Baba, hidda shi ga baki. Kuɗɗi ba su shiga baki. Malam ya hana.”

Na cire. Na ce, “Wane malam?”

Tana ta laluben sunan, har yaron mota ya fara kiran sauran mutum ɗaya. Ta ce, “Na mance sunanshi. Mai gongoni.”

Ta koma kan takardunta daga farko, don na katse ta. Biyat, goma, sha biyat, ishirin. Ta naɗe ta ba ni, ta duba hannunta ta ga ba sauran yatsa a tsaye, ta juya ga mai saye na gaba.

To ga gwangwanin nan, wanda ya ce yana son aji ɗaya ya zo ya ɗauka. A tafasa ƙarfen ranar Alhamis, a bar shi ya huce kafin a rufe. Kada a ba yaro abin da ba a san daga inda ya fito ba, ko da an ɗanɗana. A cikin kashin biyar-biyar za ku ga ninki biyu da ba a ɗaure su da roba ba, kada ku warware su ku haɗa da sauran. Canjina ne na tasha. Na ƙirga a cikin mota, arba'in ne, ba abin da ya ragu.